Ruwan bohol ɗina ya koma zartsi, in ƙara zurfi ne?

Mai Lambu:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka. Bohol ɗin gonata shekara shida kenan, da ruwansa garɗi ne da shi, amma tun da muka sa sola famfo ke aiki daga hantsi har la'asar sai ya fara zartsi, yanzu in aka yi ban-ruwa ƙasa ta sha iska sai ka ga fari-fari a kan kunya kamar an barbaɗa kanwa, bakin ganyen albasa duk ya ƙone. Mai haƙa ya ce a ƙara zurfi. Ni dai hankalina bai kwanta ba wallahi.

Ɗan Ruwa:
Malam kar ka ƙara tukuna. A wurare da yawa ruwan daɗi a sama yake kwance, mai gishirin na ƙasa don ya fi nauyi, to in ka matsa wa rijiya da zuƙa na ƙasan ne ke tasowa ya nufo bakin famfo, ka ƙara zurfi kuma ka je ka tarye shi kenan. A bakin teku lissafin sananne ne, in ruwan daɗi ya sauka mita 1 mai gishiri kan hau wajen mita 40. Nemi 'yar na'urar gwajin EC, wato mai nuna yawan gishirin da ke cikin ruwa, kamar biro take, ka auna da safe ka sake aunawa da yamma. In na yamma ya fi yawa to zuƙar ce ta yi yawa, rage awannin, in da hali a ɗago famfon sama kaɗan. A ma'aunin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, in EC ɗin ruwan ban-ruwa ya yi ƙasa da 0.7 dS/m (da shi ake ƙirga EC) ba matsala, ya haura 3 kuwa abin ya yi tsanani.

Uwar Gida:
Ƙanina farin nan da kake gani ba laifin rijiyar kaɗai ba ne, rana ke kwashe ruwan ta bar gishirin, kullum ana ƙari. Lokaci-lokaci sai ka malala ruwa ya wanke shi ya wuce saiwa, amma fa sai da magudana, in ba haka ba dawowa zai yi. Albasa da wake ba sa jure gishiri, sha'ir da auduga da dabino sun fi su juriya nesa. Kuma kar a ce za a tafasa a sha, tafasawa ƙara masa gishiri take.

Mai Lambu:
Na gode Yaya. To ni in na rage, maƙwabtana bohol huɗu suna ja dare da rana fa?

Ɗan Ruwa:
Nan gizo ke saƙar Malam, ai ruwa ɗaya kuke ja gaba ɗayanku. Saudiyya ma da ta ga noman alkama na cinye mata ruwan ƙasa dainawa ta yi a 2016, ta koma sayowa daga waje. Ka tara su ku auna kowace rijiya a gabansu, ku raba ranakun ja, ku rubuta sakamakon duk wata. Wanda ya ga sakamakon awon rijiyarsa da idonsa ya fi saurin yarda.