Musayar waƙa: sojanmu da ya kwanta a ƙasar Bama (Myanmar ta yau)

Jikan Soja: Wan kakana ne, daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau. Yana runduna ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ji rauni lokacin kama garin Myohaung na yankin Arakan a ƙasar Bama a Janairun 1945, bai tashi ba. Bismilla.

Hakimi ya ce a kawo samari,
Ya aje garma, ya ɗau bindiga.
Jirgin ruwa ya sauke shi Indiya,
Kurmin Arakan ya shiga.
Harsashi a cinya, rauni ya ruɓe,
Ba abin da ya dawo sai riga.

Bakano: Allah ya jiƙan maza. Amma fa:

Yaushe Bazazzagi ya yi zuciya,
Har ya tsaya a fagen daga?
Ko cikin 'yan dako aka sa shi,
Ya hango Japan, ya yar, ya ruga?

Jikan Soja:
'Yan dakon su suka ɗau harsashi a ka,
Inda mota ta kasa shiga.
Naka kakan na Kurmi yana ƙirga kwabo,
Taya ta fashe, ya bi ta taga.

'Yar Kaduna: Wayyo, an kashe bakin tsanya! Bakano, barikin Chindit a Zariya yake, Kalapanzin a Kaduna, duk sunayen yaƙin Bama ne. Ku me kuka samu?

Malamin Aruli: Ku dakata. Jikan Soja, ɗangon 'yan dako ya fi ɗan'uwansa tsawo, kari ya karye. Kuma ka yi amsa-amo da "shiga" sau biyu.

Jikan Soja: Malam, ta'aziyya muke ko jarrabawa?

Malamin Aruli:
Mamaci ma yana da hakki,
Kar a kai masa baiti mai ɗingishi haka a ga.

Bakano: Malam, naka ai sai da sanda. "Haka a ga" kuma daga ina?

Tsohon Kofur: Yanzu na shigo. Ɗana, ka bincika maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon a can ƙasar Bama, akwai sunayen sojojinmu a jikin bango, waɗanda ba a san kabarinsu ba. Sai dai da yawa da sunan garinsu aka rubuta su.

Malamin Aruli: Ranka ya daɗe, a bari mu gama. Bakano, ƙirga mini gaɓoɓin ɗangonka na farko tukuna.

Bakano:
Ƙirga aikin Kanawa ne,
Kawo kuɗi, sai in ƙirga.