Gudun yada-ƙanin-wani na Legas: ta ina mai gudun sha'awa zai fara shiri?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina gudun kilomita 10 sau uku a mako, don motsa jini kawai. Yanzu ina son shiga babban tseren Legas na watan Fabrairu, mai kilomita 42. Wata nawa shirin zai ci, kuma me ya fi kayar da irinmu a hanya?

Koci Mai Usur:
Wa alaikumus salam, Malam. Tunda kana cin kilomita 30 a mako, ware mako 16 zuwa 18. Gudu huɗu a mako ya isa: uku gajeru, ɗaya dogo ranar hutu. Dogon ka fara shi daga kilomita 14, kana ƙara 2 duk mako, a mako na huɗu ka rage don jiki ya huta, sannan ka ci gaba. Mafi tsawo ya tsaya a 30 zuwa 32, kuma ka yi shi saura mako uku. Daga nan sai ragewa, makon ƙarshe kusan hutu ne. Masu cusa dogon gudu ana saura kwana bakwai da gajiyarsu suke isa layin farawa.

Tsawon tseren kilomita 42.195 ne. Mai son gamawa cikin awa 5 yana bukatar minti 7 da 'yan daƙiƙu a kowace kilomita. Ka riƙe wannan lissafi, domin da an tashi cunkoson jama'a da kiɗa za su ja ka, ka tarar kana yin minti 6 ba ka sani ba. Bashi ne ka ci, a kilomita 30 za ka biya. Wajen nan ne sukarin da tsoka ta adana yake ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi.

Hajiya Nas:
Ɗan'uwa, abin da Koci bai taɓo ba shi ne iska, kuma a ganina ita ce babbar matsalar ɗan Arewa. Kai za ka yi atisayenka cikin hunturu, iska a bushe, zufa na fita tana bushewa tana sanyaya jiki. A Legas iskar cike take da danshi, zufar ba ta bushewa, sai dai ta yi ta zuba, jiki kuma ya ci gaba da ɗaukar zafi. Saboda haka ƙara daƙiƙa 20 zuwa 30 a kan kowace kilomita bisa abin da ka saba a gida. A mako biyun ƙarshe ka mayar da wasu gajerun gudunka zuwa hantsi, jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi.

Ruwa: kimanin rabin lita a awa, wato leda ɗaya, a kurɓa kaɗan-kaɗan. Kada ka ɗirki zallan ruwa a duk tashar da ka gani. Idan ya yi yawa yana tsarma gishirin jini, sai ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, abin yana iya kaiwa ga asibiti. Ka riƙe ƙullin gishiri da sukari irin na kemis ka haɗa a gorarka. Abinci kuma, daga minti 45 ka fara: dabino uku ko huɗu duk minti 40, an cire ƙwallon tun a gida. Kada ka jira sai ka ji yunwa.

Don Allah ban da maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac kafin a tashi. Su da ƙarancin ruwa a jiki suna taɓa ƙoda.

Baban Surulere:
Tun 2016 ake wannan tsere. Hanyar da aka fi sani tana tashi daga babban filin wasa na Surulere, ta hau gadar Third Mainland, ta ƙare a Eko Atlantic, amma ka duba taswirar shekarar da za ka yi, ana iya sauyawa. Idan da gadar, tsawonta ya kusa kilomita 12, babu inuwa ko ta bishiya ɗaya, don haka hular hana-salla dole ce.

Lambar ƙirji ana karɓarta kwanaki kafin ranar, ba da safiyar ba. Ana rufe tituna tun da duhu, ka kwana kusa da wurin tashi. Ka zo da alwalarka, domin tsakanin Asuba da tashin tsere ɗan lokaci ne. Karin kumallo awa 3 kafin nan: koko da burodi da ayaba. Ƙosai da wake da yaji a bar su sai an dawo.

Sabon kambas ranar tsere bororo ne a ƙafa. Ka yi aƙalla kilomita 80 da shi, kuma ya kasance da sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, ƙafa tana kumbura. Shafa basilin a hammata da matsematsi, manna filasta a kan nono, jiƙaƙƙiyar riga tana goge wurin har ya yi jini.

Koci Mai Usur:
Na manta: duba kalanda kafin ka yi rajista. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu, ka ga ko ranar tseren ta shiga ciki.