Ina so in cire injin injekta in sa na kabureta a tsohuwar Toyota, wayoyi nawa ne dole in bari?

Mai_Akori87:
Salam 'yan'uwa, don Allah masana harkar wayarin mota ku taimaka min da shawara. Ina da tsohuwar Toyota akori-kura ƙirar 1987, injin 22R-E ne a cikinta mai injekta. Injin ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi, amma abin da ya fi isa ta shi ne wayoyin, don masu motar na baya kowa ya zo sai ya yanka ya ƙulla ya naɗe da salatif, ranar da na buɗe ƙasan sitiyari wlh wata wayar kala uku na ƙirga a jikinta kafin ta kai inda za ta, ja ta koma shuɗiya ta koma baƙa. Yau ta tashi gobe ta ƙi.

Yanzu na samu injin 22R na kabureta mai lafiya, da kaburetarsa da distributa da koyil duk a haɗe. Niyyata in cire wancan in sa wannan, in kwashe birenbos ɗin, wato kwamfutar da ke sarrafa injekta, da duk tarkacen wayoyinsa in bar iya abin da zai tada mota ya yi cajin batir. To wayoyi nawa ne ainihin dole? Kuma fanfon man da ke cikin tanki zan iya barinsa ya ci gaba da aiki? Ni ba rewaya ba ne amma ina da mita kuma ina ɗan taɓawa.

Baba_Rewaya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, amsar tambayarka ta biyu zan fara ba ka don ita ce za ta iya ƙona maka mota. Kar ka haɗa wannan fanfon na cikin tanki da kabureta kai tsaye. Na injekta ne, yana turo mai da ƙarfin kusan 40 psi (ma'aunin ƙarfin matsi ke nan), ita kuwa kabureta 'yar allura ce da fulot suke tare mai a cikin kwanonta, abin da take iya ɗauka bai wuce 3 zuwa 6 ba, in kabureta samfurin Weber 32/36 ce ma wajen 3 take so. Ka tura mata 40, allurar ba za ta iya rufewa ba, mai zai cika ya tumbatsa ya dinga zuba a kan injin mai zafi, sauran labarin ka sani. Shi 22R yana da fanfonsa na inji a jikin kan silinda wanda kamshaf ke bugawa, ba ya buƙatar waya ko ɗaya. Ka sauke tanki ka cire na lantarkin, ka sa ɗan tiyo mai jure fetur a gurbinsa ya kai ƙasan tankin da matacinsa, shi ke nan.

Wayoyi kuma ba su da yawa. Babbar waya daga batir zuwa sitata. Ƙaramar waya daga makulli zuwa solonoyid na sitata, wadda ke samun wuta lokacin da ka murɗa kawai. Wuta zuwa koyil da iginaita, wato ɗan akwatin da ke sa koyil ya ba da tartsatsi. Altaneta na Toyota akwai babbar B da ke komawa batir, sai ɗan soket mai baki uku, IG da L da S, IG wutar makulli ce da ke tada regileta, L ta fitilar caji ce a dashbod, S kuma ita ke jin yawan wutar da ke batir. Sai wayar cok in na lantarki ne, da ta ɗan solonoyid ɗin da ke yanke man silo a jikin kabureta, wannan mutane suna yawan mantawa da ita sai ka ga mota ta tashi amma da ka ɗaga ƙafa daga totur ta mutu, a yi ta kwance kabureta ana wanke ta alhali wuta ce kawai ba ta je ba. Sai na ma'aunin zafi da na fitilar baƙin mai.

Abin da zan roƙe ka, kar ka ɗauki almakashi ranar farko. Ka zare soket ɗin birenbos, ka warware salatif ɗin gaba ɗaya, ka bi kowace waya da hannunka daga farko har ƙarshe. Wadda ta fara daga birenbos ta ƙare a nozul ko sensa, zare ta. Wadda ta ratsa ta wuce wani wuri, bar ta tukuna ka manna mata takarda ka rubuta. Wani lokaci wayar waifa ko ta fitilar ribas ta cikin wannan damin take bi.

injekta_dai:
Ni fa gaskiya ban ga dalili ba. 22R-E yana daga cikin injekta mafi sauƙi da aka taɓa yi, ba wani abin tsoro a cikinsa, ka gyara wayoyin kawai ko ka nemo wani damin wayar mai kyau ka sa. Kabureta za ta fi shan mai, da safe in ana sanyi sai ka yi ta lallashinta, in ka hau tudu mai tsayi inda iska ta yi ƙaranci sai ta canza hali. Ba don banza kamfanoni suka daina sa ta ba ai. Kuma ka duba dokar inda kake, a Amurka misali haramun ne ka cire kayan rage hayaƙi daga motar da ke hawa titi, wasu wuraren ba za ta ci gwajin hayaƙi ba.

Mai_Akori87:
@injekta_dai na ji ka oga kuma ban musa ba, za ta fi shan mai kam. Amma injin nawa ya riga ya gama, ko na gyara waya sai na sake buɗe shi, wannan kuma yana ajiye a gabana yana aiki. Ni abin da nake so motar da in ta tsaya min a hanya zan iya gano matsalar da sukundireba da fitilar gwaji, ko mai ne ko wuta, ba na uku. Maganar doka kuma na duba, ba matsala a wajena.

@Baba_Rewaya na gode Baba Allah ya ƙara girma, wlh da barin fanfon zan yi. Wutar koyil ɗin daga ina ya fi in ɗauko? Na ga wata waya a bayan rediyo tana kawo wuta in an kunna makulli.

Baba_Rewaya:
A'a kar ka taɓa ta rediyo. Wannan layin ACC ne, wato na ƙananan kaya irin su rediyo, kuma a yawancin motoci makulli yana yanke shi daidai lokacin da kake murɗa sitata don duk ƙarfin batir ya tafi can, ka ga injin zai yi ta juyawa ba tartsatsi a fulogi, sai ka saki makulli wutar ta dawo lokacin kuma injin ya tsaya. Ka sa mitarka ka nemo wayar da ke da volt 12 in makulli yana ON kuma ba ta ɗaukewa a START, ita ce IG. Ka cire ƙaramar wayar sitata kafin ka gwada don kar ya yi ta juyawa a banza.

In so samu ne ma kar ka ɗora wa tsohon makullin nan kaya, sa rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunna shi ya wuce da babba. Ƙafafunsa suna da lamba, lamba 30 daga batir ta cikin fiyus, 87 zuwa ƙaramin akwatin fiyus ɗinka sabo, 86 daga IG, 85 zuwa bodi. Fiyus ɗin farko ya zauna kusa da batir, ba can nesa ba, don duk tsawon wayar da ke gabansa ba ta da mai kare ta.

Hajiya_Sifana:
Ƙari a kan na Baba, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. At. Wato wayar da ke haɗa injin da bodi da kan batir na negatif. Mun taɓa sa injin a wata tsohuwar mota ni da ƙanena muka manta ba mu mayar da ita ba, injin yana zaune a kan mawuntin na roba ka ga ba ta inda wuta za ta koma, da muka murɗa sitata sai ta bi ta wayar totur, kan ka ce kwabo robar jikinta ta narke tana hayaƙi, har yau ina jin warin. Ka kankare fenti har sai ƙarfe ya fito fes kafin ka ɗaure, ɗaya daga batir zuwa injin, ɗaya daga injin zuwa bodi.

Sannan na'urar zafi ba ɗaya ba ce a tsohon injin naka, mai waya biyu ta birenbos ce ba ka buƙatarta, mai waya ɗaya ita ce ta allurar dashbod, ita za ka bari. Kuma ka yi amfani da distributan da ya zo da 22R ɗin, don shi yake da abin ƙara tayimin na kansa da ɗan tiyon iska da ke zuwa kabureta. Jerin fulogi 1-3-4-2.

Mai_Akori87:
To jama'a ga labari. Injin ya zauna, mawuntin da giyabos duk sun yi daidai ba wahala, wayar da na zare ta cika bokiti guda. Bugu biyu ta tashi, mita na nuna volt 14.1 a kan batir. Sai dai wani abin mamaki, na kashe makulli na zare shi yana hannuna mota tana ta aiki abinta kamar ba da ita ake ba!! Sai da na zare rile ɗin sannan ta mutu. Na canza wani rile, haka. Me na yi ba daidai ba?

Baba_Rewaya:
Hahaha barka da arziki. Ba aljanu ba ne ɗana, altaneta ce ke ciyar da rile ɗinka ta baya. In tana caji wuta na fitowa ta L, ta ratsa ƙwan fitilar caji ta koma layin IG, 'yar kaɗan ce ba za ta iya riƙe koyil ba, amma ta isa ta riƙe rile a manne tunda shi ba ya cin komai, da can kayan da ke kan layin suna da yawa suna shanye ta, yanzu ka kwashe su. Gwada ka gani, tana cikin wannan halin ka zare ƙaramin soket na altaneta, ba babbar B ba fa, za ta mutu nan take. In haka ne ka sa dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai, a kan wayar L, mai lamba 1N4007 ma ya isa, gefen da ke da zoben ya kalli altaneta. In ka juya shi fitilar caji ba za ta kama ba in ka kunna makulli, sai ka sake juyawa.

Mai_Akori87:
Shi ne Baba, na zare soket ɗin ta mutu tik. Gobe zan sa dayod ɗin in Allah ya kai mu. Saura allurar rpm mai nuna saurin juyawar injin da ta kwanta ba ta motsi, ina jin wayarta na cikin bokitin nan.