Neman shawara: in ci gaba da kashi na biyu zuwa na huɗu, ko in tsaya a na farko?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na gama kallon fim ɗin John Wick na farko, na 2014, kuma wallahi ya kama ni. Mutum ya rasa matarsa, aka shigo gidansa aka kashe ɗan kwikwiyon da ta bar masa, aka tafi da motarsa. Duk harsashin da ya harba bayan nan na san dalilinsa. Yanzu ga sauran uku a gabana, amma ina ɗari-ɗari, don Rambo ya taɓa yi mini haka. Na farkon, na 1982, har yau yana raina: tsohon sojan yaƙin Biyetnam ya dawo gida ba mai maraba da shi, ƙarshe ya fashe da kuka a gaban kwamandansa. A na biyu da na uku sai na ga wani mutum daban, ba riga, yana harba kibiya mai bam. Ba na so a ɓata mini wannan ma. Me kuka gani?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka lura da wani abu a Rambo na 1982? Mutum ɗaya kacal aka nuna ya mutu, ɗan sandan da ya faɗo daga jirgi mai saukar ungulu. Amma zuciyarka na bugawa tun daga farko, saboda akta na jin sanyi, yana ɗinke rauninsa da hannunsa, kuma ba ka san ko zai kai labari ba. Ciwon da ya tayar da jarumi sau ɗaya ake iya ba da labarinsa. Idan an zo kashi na biyu an riga an cinye shi, sai masu fim su cike gurbin da yawan gawa da manyan bindigogi. Kai kuma ka riga ka san ba zai mutu ba, to fargabar me za ka yi? Dubi fim ɗin Taken: a 2008 an sace 'yar jarumin a Faris, kowane uba ya ji abin a jikinsa. A 2012 aka koma Istanbul aka sake sace 'yan gidan. Daga nan na daina damuwa da su.

Amsa ta biyu:
Yaya, ka faɗi gaskiya a kan labari, amma ban yarda a haɗa John Wick da waɗancan ba. Daraktansa, Chad Stahelski, asalinsa mai tsaya wa jarumai ne a wuraren haɗari, shi ya tsaya wa Keanu Reeves, jarumin John Wick, a fim ɗin The Matrix. Shi ya sa kyamara ke ja da baya ta bar ka ka ga faɗan gaba ɗaya, ba a yi ta yanka hoto don ɓoye gazawa ba. Harsashi na ƙare wa John Wick, yana sake lodi, yana ɗingishi. Akwai wurin da yake hawan doguwar matakala a Faris a kashi na huɗu, a turo shi ya gangaro har ƙasa ya sake farawa. Ni wannan aikin nake zuwa kallo, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba.

Amsa ta uku:
Malam, ni abin da ya sanyaya mini gwiwa kwat ɗin nan ce da harsashi ba ya hudawa, wadda aka ba John Wick a na biyu. Tunda na ga yana kare fuska da gefen riga, tsoron ya tafi. Ga tsawo kuma: na farko minti 101 ne, na huɗu 169. Idan za ka kalla, kada ka jera su dare ɗaya, idonka zai gaji har faɗan ya daina shiga ranka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Yaya, ka gano mini abin da ya dame ni a Rambo na kasa furtawa. Zan kalli na biyu a ƙarshen mako, na 2017, in ba shi sati guda. Idan na ga har yanzu ina jin tausayin mutumin, sai in ɗora da na uku.