Tsofaffin mujallu sun fara lalacewa a sito, ya ake adana su?

Mai_Tara_Takardu:

Salam 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar wanda ya san kan takarda. Ina da tarin tsofaffin mujallu, wasu na mahaifina ne Allah ya jiƙansa, wasu kuma ni na tara tun ina makaranta, in ƙiyasta sun haura dubu, akwai National Geographic da yawa, akwai Time, akwai na wasanni da na kimiyya har da wasu ƙanana masu takarda irin ta jarida waɗanda yanzu an ma daina buga su. Duk suna sito, wasu a kwali wasu an ɗaure da igiya an jibge a ƙasa. Da na buɗe kwali ɗaya sai na tarar gefen shafukan ya koma ruwan ƙasa, in ka lanƙwasa kusurwa sai ta ɓalle a hannunka, wasu kuma fil ɗin tsakiya ya yi tsatsa har ya ci takardar, ga wani wari-wari da ke tashi. Wallahi raina bai yi daɗi ba, don ba na son abin da aka yi shekaru ana tarawa ya ƙare a hannuna. To a tsaye ake jera su ko a kwance? In sa kowacce a leda? Kafur yana amfani?

Dattijon_Laburare:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Malam kafin maganar leda ko kwali, fara fitar da su daga siton nan, shi ne babban aikin. Takarda abu biyu ne ke kashe ta a hankali, zafi da laima, kuma sito da saman silin da gareji nan ne suka fi yawa, da rana ya gasu da dare ya yi sanyi, takardar tana shan danshi tana saki kullum har ta gaji. Masu adana takardu suna so wuri ya tsaya kusan digiri 18 zuwa 21, danshin iska kuma tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Na san ba kowane gida ne zai samu haka ba, amma ka riƙe wannan: da zarar danshi ya wuce kashi 65 ya zauna a haka, fumfuna za ta fara. Saboda haka ɗakin da kai kanka kake jin daɗin zama a ciki, iska na shiga, rana ba ta dukan wurin, shi ya dace da su. Akwai ɗan ƙaramin ma'aunin danshi mai batir, ka ajiye ɗaya a kan kantar ka riƙa leƙawa.

Jan da ka gani a gefen shafi kuma ba laifinka ba ne gaba ɗaya. Tun wajajen tsakiyar ƙarni na 19 aka koma yin takarda da niƙaƙƙen itace, kuma takarda mai araha irin ta jarida ba a cire mata wani sinadari na itacen da ake kira liginin, shi ne in haske da iska suka taɓa shi sai ya canza launi ya kuma haifar da asid da ke tsinka zaren takardar. Shi ya sa za ka ga ƙananan nan masu takardar jarida sun fi National Geographic lalacewa ko da shekarunsu ɗaya. Kuma asid ɗin yana naso, ka raba su, kar ka haɗa masu takardar jarida da masu sheƙi a kwali ɗaya. In akwai yankan jarida da aka cusa a tsakiyar wata mujalla ka cire, za ka ga ya riga ya bar inuwarsa a shafin.

Maganar tsaye ko kwance, ni a kwance nake ba da shawara, musamman masu fil a tsakiya don ba su da ƙashin bayan da zai riƙe su, in ka tsayar sai su lanƙwashe su zauna a haka. Ka jera masu girma ɗaya tare, kar tarin ya yi tsawo sosai, kuma ka riƙa juya su, 'yan kaɗan bayansu na dama 'yan kaɗan na hagu, saboda ɓangaren ɗinkin ya fi kauri, in duk ya koma gefe ɗaya tarin zai karkace. Masu kauri da bayansu yake a miƙe irin na littafi za su iya tsayawa in an matse su daidai, ba sakwa-sakwa ba kuma ba a danne ba. Igiya da robar ɗauri duk ka cire, roba in ta tsufa narkewa take ta manne da bango. Selotef kuwa dan Allah ko kusa, na sha ganin shafi mai kyau da aka liƙe da shi, bayan shekaru ledar ta faɗi ta bar tabon gam ruwan ƙasa wanda ba ya fita.

Maman_Iman:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni kan leda zan ƙara. Ba kowace leda ba ce, akwai mai taushin nan mai warin roba da ake ce wa PVC, wannan tana fitar da abin da ke ɓata takarda har rubutu ya kan kwafe ya manne a jikinta. Wadda ake so ita ce ta folifirofilin ko foliyesta, galibi za ka ga an rubuta a jikin fakitin cewa ta adana takardu ce. Amma ko ita ɗin in wurinka akwai danshi kar ka rufe bakinta ruf, don in ka kulle mujalla da laimarta a ciki to ka gina wa fumfuna ɗaki ne. Haka manyan robobin nan masu murfi, suna kare ƙura da ɓera da kyankyaso, amma sai kayan sun bushe sarai kafin a rufe, a jefa ƙullin silika mai shan danshi a ciki a kuma riƙa canzawa don shi ma yana ƙoshi. Ni dai ban ga dalilin sa wa mujalla dubu leda ɗaya-ɗaya ba, ka zaɓi waɗanda suka fi maka daraja ka yi musu, sauran kwalin da ba shi da asid ya ishe su.

Kafur kuma gaskiya ban yarda da shi ba, warinsa yana kama takarda ya ƙi fita, shaƙarsa ba kyau, ga hatsari in akwai yara a gida. Ka ɗaga kayan daga ƙasa kamar santimita 10 zuwa 15, ka bar tazara tsakaninsu da bango musamman bangon da ke kallon waje, ka riƙa share wurin kana dubawa, gara ba ta son inda ake motsi.

Sai nauyi Yaya, mutane suna raina shi. Rim ɗaya na farar takarda mai guda 500 kilo biyu da rabi ne, takarda mai sheƙi kuma ta fi haka nauyi. Kantar katako mai tsawo ba tallafi a tsakiya lanƙwashewa za ta yi, ka samu ta ƙarfe ko mai kauri, ka kafe ta a bango, masu nauyi a ƙasa. Kwalaye ma ƙanana sun fi, wanda za ka iya ɗauka kai kaɗai.

Dan_Kwamfuta:

Ni fa nawa ra'ayin daban ne, kar a ji haushi. Ba dukansu ne suka cancanci wannan wahalar ba. National Geographic tun 1888 ake buga ta, kuma kusan duk mai saye ajiyewa yake, don haka na shekarun baya-bayan nan suna nan birjik, Time ma haka tun 1923. Waɗanda ya kamata ka fi ji da su su ne ƙananan nan da aka daina bugawa, wataƙila kwafin hannunka na cikin 'yan kaɗan da suka rage, kuma su ne suka fi saurin mutuwa. Su za ka fara yi wa sikanin, 300 dpi (ma'aunin kaifin hoton sikanin) ya isa, ko da waya ma in akwai haske mai kyau, kar dai ka danne bayansu da ƙarfi a kan gilashin sikana. Ka duba Internet Archive, wato rumbun adana littattafai da mujallu na intanet, tukuna, akwai tsofaffin mujallu da yawa da aka riga aka ɗora, kar ka maimaita aikin da an yi. Sannan ka buɗe jadawali ka rubuta suna, shekara, lamba da kwalin da take ciki, in ba haka ba duk ranar da kake neman ɗaya sai ka birkice duka.

Mai_Tara_Takardu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zubarwa dai ba zan iya ba amma na yarda da fara sikanin ƙananan. Baba saura abu biyu, na ga wasu 'yan ƙwari masu launin toka suna sheƙi suna gudu in an ɗaga mujalla, kuma kwalin ƙasa akwai waɗanda shafukansu suka manne. Akwai dabara?

Dattijon_Laburare:

Ƙwarin nan gam da sitacin takarda suke ci, suna kankare saman shafi, kuma ganinsu alama ce wurin da laima. Kar ka fesa maganin ƙwari a kan takarda. Ka sa mujallun a leda ka matse iskar ka ɗaure, ka sa a firiza mai kai digiri 18 ƙasa da sifili kamar mako guda, in ka fitar kar ka buɗe sai ledar ta huce ta daina gumi, kwana ɗaya haka. Masu fumfuna ka ware su, ka bari su bushe, ka fita waje da takunkumi a hanci ka kakkaɓe da buroshi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Fil mai tsatsa a waɗanda kake ji da su, ka miƙe ƙafafunsa daga tsakiya a hankali ka zare, ka ajiye mujallar cikin folda.

Mannewar ita ce mai wuya. Takarda mai sheƙi an shafe ta da farin yumɓu da gam, in ta jiƙe ta bushe a rufe sai shafukan su zama abu ɗaya, kuma galibi in ka ja hoton ne zai biyo. Ka gwada zura siririn abu mai santsi daga gefe, in ka ji ya ƙi ka haƙura ka bar ta. In kuma wani lokaci ruwa ya sake taɓa su, kar ka bari su bushe a rufe kuma kar ka shanya a rana, ko dai ka buɗe shafi-shafi ka sa farar takarda a tsakani fanka na kaɗawa, ko in sun yi yawa ka sa a firiza da jiƙonsu ka riƙa fitowa da kaɗan-kaɗan, don cikin kwana biyu zuwa uku fumfuna take fara kama jiƙaƙƙiyar takarda.