Ɗan majalisarmu ya buɗe guruf yana ba mu labarin tsaro, me ya kamata in tambaye shi ran Asabar?

Mai Taki:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon taki da maganin feshi a wani gari a kudancin Katsina. Tun kafin damina ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu ya buɗe guruf a WhatsApp, ya zuba mu ciki, 'yan kasuwa da limamai da shugabannin matasa. Abin da ake turowa ya haɗa da ranar rabon taki, gyaran taransifoma, rigakafin yara, sai kuma labarin tsaro: kar a bi hanya kaza bayan la'asar, an ga baƙin babura a daji kaza, Onorabul ya je jaje ƙauye kaza. Wani lokaci shi yake magana da muryarsa, yawanci dai yaronsa ne ke rubutawa.

Ban raina ba, amma galibi sai abu ya faru labarin ke iso mu. To ran Asabar zai zo ganawa da jama'a, kuma 'yan kasuwa sun ce ni zan yi magana a madadinsu. Maƙwabcina ya ce in tashi kawai in ce a kawo mana sojoji. Ni kuma ba na son in roƙi mutum abin da ba ya hannunsa, ya ce "in sha Allahu" a tashi. Masu sani, me ɗan majalisar jiha yake da iko a kai a harkar tsaro?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Taki, ka yi dabara da ka tambaya tukuna. Kawo soja ba nasa ba ne, kai ko gwamna roƙo yake yi. Soja da 'yan sanda duk na Tarayya ne. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasar nan, sashe na 215 kuma ya ba kwamishinan 'yan sanda damar ya ce sai ya ji daga sama kafin ya bi umarnin gwamna. To ina ga mutum ɗaya cikin 34 da ke zauren majalisar Katsina?

Amma kar ka ɗauka hannunsa wayam yake. Su ke yin dokar jiha, kuma kasafin kuɗin shekara ba ya aiki sai sun amince. Dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, waɗanda muke kira C-Watch, na jiha ne, ba na Abuja ba. Kuɗin alawus ɗinsu da babura da mai duk ta gaban majalisa suke bi. Haka Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a farkon 2024. Nan ne wurin da za ka riƙe shi.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisar jiha ikon bincikar yadda ma'aikata ta kashe kuɗin da aka ware mata, har ta kira kwamishina ya zo ya yi bayani. Da ni ne kai, zan tambaye shi dakaru nawa aka turo ƙaramar hukumarmu, a waɗanne gundumomi aka ajiye su, kuma nawa aka saki cikin abin da aka ware wa tsaro a bana. Ka lura, ware kuɗi daban, sakinsu daban. In ya ce bai sani ba, ka ce a rubuta, ya kawo amsa a guruf ɗin nan nasa. Kuma ka je da takarda mai sa hannun shugabannin kasuwa, domin maganar baki iska ke tafiya da ita.

Malama Uwar Biyu:
Baba Akawu ya gama magana ta fuskar doka. Ni dai ina so in ɗan kare guruf ɗin, don na ga kamar ana yi masa kallon banza. Wanda ya zauna a yankinmu a ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ya san darajar labari. A lokacin aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana sayar da fetur a jarka. Mutum sai ya yi lodi ya kama hanya kafin ya ji an rufe ta. Ni malamar firamare ce, kuma sanarwar "kar a bi hanya kaza" tana sa in san ko zan sallami yaran ƙauye da wuri.

Abin da ke ba ni tsoro daban ne. Guruf mai ɗaruruwan mutane, wa ya san kowa a ciki? Kowa ya san ɓarayin daji ba sa shiga gari sai da ɗan gari. Ran nan a namu guruf ɗin wani ya turo hoton motocin jami'an tsaro, har da faɗin inda suka nufa, wai shi mai ba da labari da ɗumi-ɗuminsa. Don Allah ka roƙi Onorabul ya hana wannan, a rufe guruf ɗin ya zama mutum biyu ko uku ne kawai ke iya turo saƙo. Sannan a riƙa sa rana da lokaci a kan kowace sanarwa, saboda muryar bara tana dawowa bana a ce yanzu abin ke faruwa, mata su kwashi yara cikin dare a kan ƙarya.

In kuwa abu na faruwa a gabanka, ba guruf za ka nufa ba. Mai unguwa, kwamandan dakarun yankinku, DPO, su ne na kusa. Akwai lambar kiran gaggawa ta 112, kyauta ce, sai dai a ƙauye sai an dace da sabis.

Ɗan Gwagwarmaya:
Ku yi haƙuri iyayena, ni ban ga komai a nan ba sai kamfe. Jaje da buhun shinkafa da hoto. In ka matsa masa zai ce ai ya gabatar da ƙudurin gaggawa a zauren majalisa. Ƙudurin nan kira ne kawai ga ɓangaren zartarwa, ba doka ba ne, ana iya karantawa a ajiye. Ka tambaye shi bayan ƙudurin me ya biyo baya. Kuma ka tambaye shi matsayinsa kan 'yan sandan jihohi, tunda ba a gyara kundin tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun yarda. In ya ƙi aiki, akwai kiranye.

Tsohon Akawu:
Yaro, kiranye a sashe na 110 yake, amma sai fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Mutanen da rabinsu ba sa fitowa ranar zaɓe ne za ka tara? Bar wannan. Batun ƙudurin dai ka faɗi gaskiya.

Mai Taki:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na cire maganar soja. Zan tsaya kan yawan dakaru da inda aka ajiye su, da kuɗin da aka saki, sai gyaran guruf da Malama ta kawo. Zan ƙara da namu na 'yan kasuwa: a samu rakiya ranar kasuwa daga la'asar zuwa magariba, don lokacin ne masu komawa ƙauye da kuɗin hatsi suke kan hanya. Baba Akawu, takardar nan shi zan miƙa wa hannu da hannu a wurin taron, ko ofishinsa na mazaɓa za a kai a buga mata hatimin karɓa?