Me za mu kira "hom ron" da Hausa?

1/ Jama'a, ku matso da Hausarku. Ranar 9 ga Mayu, 1999, Jami'ar Jihar Florida ta lallasa Jami'ar Maryland da ci 26 da 2 a wasan besbol na jami'o'in Amurka, a gidan Maryland ɗin ma. Cin ba shi ne abin mamaki ba. Ɗan wasa guda, Marshall McDougall, ya yi "hom ron" shida a jere, shi kaɗai ya jawo maki 16. A babbar gasar ƙwararru ta Amurka babu wanda ya taɓa wuce huɗu a wasa ɗaya. To, yaya za a ba da labarin nan a rediyo, har tsoho a rumfar mai shayi ya gane?

2/ Ga yadda abin yake. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai gora ya maka mata. Akwai zango uku, na huɗu shi ne gida, inda ya fara tsayawa. Yawanci bugu ɗaya zango ɗaya yake kai mutum, sai ya tsaya ya jira na bayansa ya buga. Amma in ƙwallo ta tashi sama ta faɗa bayan shingen fili, shi ke nan, babu mai tare shi. Zai bi zangunan nan a tsanake har gida, duk abokan wasansa da ke kan zango su ma su shigo, kowa da makinsa. Wannan shi ne "hom ron".

3/ "Gudun gida" na fara ji, ban kuwa karɓa ba. Bahaushe ya ji wannan, yaron da ya yi laifi ya tsere zai gani.

4/ Wata Yaya tamu ta ce a ɗauko daga wasan ɓuya, inda wanda ya kai wurin sha yake cewa "na sha". Tunanin ya burge ni ƙwarai, don ma'anar gida a besbol ke nan, wurin tsira. Sai dai a faɗi "bugun sha" da ƙarfi a ji. Yaya, ki yi haƙuri, mai sauraro zai ɗauka ɗan wasan a buge ya shigo fili.

5/ Wani Malam ya kawo "bugun zagaye". Ya fi kowanne kama doka, gaskiya, domin akwai lokacin da ƙwallo ba ta fita ba amma mai bugu ya zagaye zangunan da gudu kafin a dawo da ita, kuma ana lissafa shi. Allah ya ƙara ilimi, Malam. Matsalar ita ce zagaye yana da aikinsa a labarin wasanni. In na ce "bugun zagaye na biyu", zagaye na biyu na gasa nake nufi, ko bugu na biyu na McDougall?

6/ Ni dai "bugun tsallake" na tsaya a kai. Ya shiga layin 'yan uwansa da kunne ya saba da su, bugun kusurwa da bugun tazara, kuma abin da ɗan kallo yake gani da idonsa ya faɗa, wato ƙwallo ta tsallake shinge. Wancan na cikin fili ba kasafai yake faruwa ba, ranar da ya faru sai a yi masa bayani da jimla. A gwada shi a kanun labari: "McDougall ya yi tsallake shida a jere." Baki bai sarƙe ba.

7/ Saura ɗaya. In zanguna ukun duka da mutane aka yi tsallake, maki huɗu ke shiga lokaci guda, kuma Amurkawa suna da suna dabam da suke kiransa. Ina ganin "tsallake mai huɗu" ya isa. Mai wanda ya fi wannan daɗin faɗi, bismillah.